Ranar da Na Ɗauko Silin

Ni da na ratsa Sahara, kyamara ce za ta gagare ni? Haka na ce wa Hadiza, 'yar maƙwabcina a unguwar Glenwood, mai binciken digiri kan rawar gargajiyar Sipaniya. Wasu dattijan mata masu wannan rawa suka zo jami'arsu yin wasa ɗaya tak, ta ce in ɗaukar mata bidiyonsa.

Da suka tattare siket suka fara buga ƙafa, kunya ta kama ni. Na ɗaga kyamara sama, na bar ta can.

Washegari ta sa kaset, sai silin. "Baba, a kan takun ƙafa nake rubutu fa."

Har yau, duk taron suna sai ubanta ya ce, "Ku ba Malam kyamara, silin ɗin nan ya yi kyau."