Yadda Za Ka Haɗa Wayar Tirela Ba Tare da Ka Tambayi Ƙanin Matarka Ba

Kai uba, 'yarka ta ci jarrabawa, jami'a na jiranta a babban birni Ulan Bator, ranar Litinin za a rufe rajista. Kayanta sun fi ƙarfin mota, ka aro ƙaramar tirelar maƙwabci, irin wadda ake ja a bayan mota, ga wayoyi bakwai suna reto kamar hanjin tunkiya. Kwantar da hankalinka. Bi matakan da Gantumur na lardin Arkhangai ya bi, na yi maka alkawari yarinya za ta isa, girmanka kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba.

1. Kori gwani

Kowane gida da ƙanin mata mai aikin lantarki. Na Gantumur sunansa Sodnom. Ya zo ya tsaya da kofin shayi yana murmushi, ya ce, "Yaya, in sa hannu yanzu, ko in jira ta kama wuta?" Gantumur ya tuna masa cewa tun Sodnom na zanin goyo yana tsotson kitsen jelar rago irin na jariran ƙasar, shi yake tuƙi. Kai ma haka za ka ce. Uban da ya kasa kunna fitila biyu, da wane baki zai yi wa 'yarsa nasihar zaman birni?

2. Kada launi ya ruɗe ka

Motarka 'yar Japan ce, tirela ƙirar maƙerin gari, wayoyinta daga gawar wata motar Rasha aka ciro. Ba su taɓa gaisawa ba. Ɗaura musu aure kawai, ja da wadda ta ɗan yi ja-ja, kore da wadda zuciyarka ta kwanta da ita. Wadda ta rasa miji, naɗe ta da salatif ka tura ciki. Waya ma tana son hutu.

3. Zaɓi mazaunin soket

Daga nesa Sodnom zai ce a ɗaura soket ɗin da fulogin tirela zai shiga a ƙarƙashin bamba, nesa da salansa, baki ƙasa, don kada ruwa ya shiga. Ƙarƙashi? To wa zai gani? Gantumur a saman bamba ya ɗaura nasa, baki sama, ya cire murfin don maƙwabta su ƙirga ramukan da kansu.

4. Gwada, amma kada ka matsa

Ya tsayar da 'yar tasa Sarnai a baya. Ya taka birki, ta ce siginar hagu ce ta kama. Ya sa siginar hagu, ta ce ta dama ce ke ƙiftawa. Ya tambaye ta ko dai ita ce ta juya. Ta ce, "Baba, ai dai kowacce tana yin wani abu." Wannan shi ake kira cin jarrabawa. Zare fulogi ka je ka ci abinci.

5. Bar suruka ta yi nata

A ƙasar nan ba a kama hanya sai an yayyafa wa matafiyi madara. Inna Dulmaa ta fito da ludayinta. A zamaninta a likkafar doki ake zubawa, shekara ashirin tana ƙorafin mota ba ta da wurin karɓar albarka. Ta zaga, ta zaga, sai ga ɗan kofi mai ramuka bakwai, baki sama, yana jiranta. Ta cika shi taf. Ta ce yau ta yarda 'yarta ta auri mai hankali.

Kada ka goge. Ba a goge albarka, balle a gaban mai ita. Cusa fulogi. In ka ji ƙamshin dafaffiyar madara, alama ce ta shiga.

6. Kada ka gane motar baya

Tun kafin a bar gari fitilun sun mutu murus. Tafiyar yini guda ce, manyan motoci na tafe kamar an koro su. Gantumur ya riƙe sitiyari, gumi har wuya, duk bayan ɗan lokaci yana tambayar Sarnai ko tirelar na nan. Sai ya lura da wata farar mota manne da bayansu. Ya rage gudu, ta rage. Zai karya kwana, ita ke ba da sigina. Ya matsa gefe ta wuce, ta ƙi. Sarnai kuwa ta duƙufa kan wayarta tana danne dariya.

In motar ta yi maka kama da wadda ka sani, ka tuna fararen motoci sun yi yawa a ƙasar nan.

7. Karɓi yabonka

Sun isa da sauran rana. Farar motar ta tsaya a ƙofar jami'a, Sodnom ya fito yana miƙa, ya ce ƙwan fitila ya zo saya birni. Gantumur ya dafa tirela ya ce, "Ka gani? Ko ƙuda bai taɓa mu ta baya ba."

"Na gani, Yaya. Ba wanda ya kai ni gani."

Suka sauke kaya su biyu. Gantumur ya sumbaci Sarnai a kunci ɗaya, ya bar ɗayan sai ta dawo hutu, sannan ya sunkuya ya daɗe yana duba soket, wai ƙura ce ta shigar masa ido.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba ruwansa da fiyus ɗin da ya ƙone, da ɗan sandan da ya tsayar da kai, da abin da maƙwabci zai faɗa in ya shinshina tirelarsa. Wanda kuma ba shi da ƙanin mata, don Allah ya sa 'yarsa a bas.