Kanarin Baffan Rukayya

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da kanari ya yi mini a unguwar Gabukka ta Gombe, ko in ce abin da na jawo wa kaina.

Lokacin ina da shafi a Fesbuk, masu karanta shi kuwa daga ni sai ƙanwata (ita ma don ina saya mata data ne). Sai na ce bari in rubuta wani abu mai jan hankali a kan kanari, tunda mutanenmu na son kiwonsa a keji. Na shiga zaɓen abin da zan faɗa. In ce yana cin gero? Kowa ya sani. In ce ɗan mitsitsi ne? Ai suna da ido. Can na ci karo da bayanin cewa yawanci namijin ne ke rera waƙa. Na cire "yawanci" don yana rage wa magana armashi, na rubuta cewa macen kanari bebiya ce.

Kafin ka ce me, shafi ya cika. Maza na shewa, mata na tsine mini, wasu har "masani" suke kira na. Ni da ban taɓa riƙe kanari ba, kai ya fasu.

Ana haka sai Rukayya, yarinyar da nake nema kamar raina, ta ce Baffanta na son ganina. Kowa ya san abin da kiran uban yarinya ke nufi. Na aro babbar riga, na yi wanka da turare, na je na cire takalmi na durƙusa gabansa a gindin dogon yaro. Bayan gaisuwa sai ya turo mini keji. Ya ce ƙaninsa ne ya kawo masa tsuntsun daga Kwadon, tun da tsuntsun ya zo bai ce uffan ba, kuma Rukayya ta karanta masa rubutuna.

"Ɗana, duba mana, mace ce ko namiji?"

Mai hankali zai ce bai sani ba. Ni kuwa na leƙa ta sama, na leƙa ta ƙasa, na gyaɗa kai irin na likita.

"Mace ce, Baffa. Har ta mutu ba za ka ji muryarta ba."

Don in nuna masa hujja (wace hujja, wallahi ban sani ba) na buɗe kejin na zura hannu. Hannun rigar ya maƙale a ƙofa, tsuntsu ya bi ta gefe ya yi fir, ya sauka a reshen da ke saman kanmu. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki ya rangaɗa waƙa, doguwa, mai hawa da sauka. Baffa ya saurare shi har ƙarshe, ni kuwa ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Na ga Rukayya na shirin suɓuce mini, sai na tattare riga na haye bishiyar. A gaban suruki. Kanari ya yi gaba abinsa, rigar aro ta sarƙe a reshe, na kasa hawa na kasa sauka, mata na leƙe ta katanga.

Baffa ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona.

"In Allah ya sauko da kai lafiya, ka turo manyanka. Amma ka gaya musu ina da tantabaru, kada wanda ya duba mini su."

Har yau ina rubutu, sai dai yanzu in zan zaɓi tsuntsu, na ƙasar ƙanƙara nake ɗauka, wanda na tabbata babu shi a gidan surukin kowa a Gombe.