Rasuwar Pancracio, Mai Riƙe da Tutar Ƙwarangwal

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Anselmo Quiroga na unguwar Echesortu a birnin Rosario yake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar Pancracio, mai riƙe da tutar rundunarsa ta ƙwarangwal. Marigayin ɗan roba ne, tsayinsa bai kai ƙaramin yatsa ba. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da rana tsaka, a cikin wata tsohuwar kwalbar zuma, bayan gajeriyar rashin lafiya wadda maigidansa ya jawo masa da hannunsa. Masu cewa ai ƙwarangwal dama matacce ne, ana roƙonsu su kama bakinsu har a watse daga makoki.

An haifi marigayi a shekarar farko ta auren Anselmo da Griselda. Ango ya dawo gida da kwalin sojojin roba, irin waɗanda ake yanko gaɓoɓinsu ɗaya bayan ɗaya, ƙoƙon kai daban, haƙarƙari daban, hannu daban, a kankare, a manna da gam, a yi musu fenti. Ranar Asabar kuma a kwashe su zuwa bayan shagon Doña Herminia, a jera a kan tebur, a gwabza yaƙi da ƙwayar ludo da tef ɗin awo. Kuma fa manyan mutane ne masu furfura ke wannan aiki, har da tada jijiyar wuya. Amarya ta ga miji ya mamaye teburin cin abinci, ko ɗaga kai ya dube ta ba ya yi, sai ta jawo kujera ta zauna ta ce, "Miƙo min ɗaya in gwada."

Abin da ya fito daga hannunta shi ne Pancracio. Hannun hagu biyu ta manna masa. Kan ya karkace, yana duban kafaɗa kamar wanda aka kira daga baya. Da ta nemi fenti, Anselmo ya yi mata ƙwauronsa, wai daga waje aka kawo, sai ta ɗauko jan farcenta ruwan hoda ta shafe bawan Allah tun daga kai har tafin ƙafa. Tutar kuwa daga bakin rigar da ta sa ranar da suka fara haɗuwa ta yanko ta. Anselmo ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauke shi ya tsayar a gaban runduna, ya ce nan ne wurinsa har abada.

Griselda ba ta sake manna ko ƙashi ɗaya ba, amma ta bar masa teburin. Shekara da shekaru a kicin suke cin abinci, baƙi ma a cinya suke ɗora faranti. Duk sanda yayarta ta ce, "Ke wai wane irin haƙuri ne wannan, gidanki ya zama maƙabarta?" sai ta nuna ɗan ruwan hodan da haɓa ta ce, "Ku ƙyale shi. Nawa ne a gaba." Wannan magana ita ta riƙe teburin, kuma masu lura sun ce ba teburin kaɗai ta riƙe ba.

Marigayi ya rayu rayuwa abar koyi. Bai taɓa juya wa abokin gaba baya ba, ko da yake kansa ya juya tun ranar haihuwa. Ya faɗa cikin ƙoƙon shayin mate da ake zagayawa da shi, aka tsamo shi da cokali, bai yi ƙorafi ba. Kyanwar gidan ta taɓa tauna masa ƙafa, ya yafe. Waɗanda suka zauna da shi ba za su manta da muryarsa ba: ƙwas-ƙwas-ƙwas a cikin gwangwanin biskit, duk lokacin da bas ta faɗa rami a hanyar shago, sai kuma ɗan ƙas ɗin nan idan hannunsa ya ɓalle a tsakiyar yaƙi. An sake manna hannun nan har kafaɗar ta yi tozo. Abokan hamayya su gan shi su sheƙe da dariya, kafin su farga an tattake musu dawakai. Don Nicanor (Don laƙabin girmamawa ne, kamar Malam), tsohon direban bas mai rundunar gajerun mutane masu gatari, ya sha rantsuwa cewa ƙwayar ludo tana jin tsoron yaron nan.

Ciwon ajali ya shigo ne ta bakin wani sabon ɗan ƙungiya, Tiziano Ferreyra, likitan haƙori. Mutum ne mai injin feshin fenti, wanda ke zana wa sojojinsa har dasashi. Gasar shekara ta matso, kuma bana an sa kofi ga rundunar da ta fi kyan fenti. Anselmo ya sa kofin nan a ransa, kai ka ce gadon ubansa ne. Ya sake wa rundunarsa fenti kaf, ban da Pancracio, yana bin haƙarƙari ɗaya-ɗaya da buroshi mai gashi kamar na gira, har idonsa ya fara ruwa. Ranar da ya jera su a shago, Tiziano ya sunkuya ya duba, ya yi fito.

"Don Anselmo, gaskiya aikin nan ya yi. Amma wannan na gaban fa? Soja ne ko alewa? Jikarka ce ta yi maka?"

Aka kwashe da dariya. A nan ne ya kamata mutum ya buga ƙirji ya ce matata ce ta yi shi, wanda bai so ba ya rufe ido. Ina! Anselmo ya bi su da yaƙe ya ce, "Wani tsohon kuskure ne, zan gyara shi."

Don Nicanor ya zuƙi shayinsa har ƙoƙon ya yi ƙara, ya miƙa wa na gaba, sannan ya ce, "Kai mutumina, ka bar yaron nan yadda Allah ya yi shi. Kofin nan fa gwangwani ne, ni na raka Herminia sayo shi."

Bai ji ba. Ranar Lahadi, bayan an ci gasasshen nama an yi nak, Griselda ta shiga ɗaki ta kwanta. Anselmo ya zauna ya yi lissafinsa na masu ilimi: jan farce ne a jikin yaron, to ruwan goge jan farce ne maganinsa. Da ƙuruciya haka yake wanke sojojinsa na darma, ya jiƙa, ya goge, su fito fes. Amma duk wanda ya taɓa riƙe gam a bayan shagon nan ya san ruwan nan cin roba yake. Kuma wa ke koya wa sababbin shiga haka, yana kaɗa musu yatsa, yana cewa roba ba darma ba ce? Shi ɗin dai. Ya ce ai tsomawa kawai zai yi ya cire. Ya sa matsefata ya zare tutar ƙyalle ya ajiye gefe, ya jera fentin launin ƙashi, ya fito da sabuwar tuta ta takarda da aka buga masa. Ya ɗauko ruwan daga durowar Griselda ya zuba a kwalba, ya saki Pancracio a ciki, ya rufe da murfi, ya kunna rediyo don ya ji ƙwallo. Nama ya yi aikinsa, gyangyaɗi ya kwashe shi.

Da ya farka, marigayi ya riga ya yi nisa. Sandar tutar ta lanƙwashe, haƙarƙari sun haɗe, hannuwan hagun nan biyu sun rungumi juna. Ya sa matsefata ya kamo kan, kan ya biyo shi yana miƙewa kamar cingam da aka taune. Babu ƙwas, babu ƙas. Pancracio ya tafi shiru, ya koma ƙasan kwalba ya zama ɗan curi ruwan hoda.

Warin ne ya tashi Griselda. Ta fito ta tsaya a bayansa, ta dubi kwalbar.

"Me ya same shi?"

"Kyanwar nan ce, ina jin ita ta ture..."

"Kyanwa ce ta buɗe min durowa ta ɗauko ruwan farce? Ita ta rufe kwalbar da murfi?"

Idonta ya bi fentin da ya jera, ya sauka a kan tutar takarda, ya daɗe a nan.

"Anselmo, tun yaushe kake jin kunyarsa?"

"Haba Griselda, ba kunya ba ce. Gasa ce, alƙalai suna duba..."

"Ni kuwa duk shekarun nan ina ta gaya wa mutane nawa ne a gaba."

Da ta yi faɗa, da ta fasa faranti, da ya ji sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki 'yar tutar ƙyallen nan, ta hure ƙurar da ke jiki, ta sa a jakarta ta ja zif. Washegari da safe ta ce ya kwashe mata gawarwakinsa, ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin, ta ajiye faranti biyu, ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan. Anselmo bai taɓa sanin teburin yana da tsawo haka ba.

Marigayi ya rasu ya bar runduna guda marar jagora, kyawawa tsaf, waɗanda yanzu ke gudun hijira a kan injin wanki, suna rawar sanyi duk lokacin da aka kunna shi. Ya bar ƙanne da yawa a kwalaye ƙarƙashin gado, waɗanda aka saya da niyyar harhaɗawa wata rana, har yau ba a ko yage ledarsu ba. Ya bar kyanwa, wadda aka wanke daga zargi amma ba a ba ta haƙuri ba. Ya kuma bar maigida, wanda ya je gasa da tutar takarda, aka yi masa kaca-kaca tun zagayen farko, kofin gwangwani ya tafi asibitin haƙori.

Iyalan marigayi suna godiya ga duk waɗanda suka yi ta'aziyya. Godiya ta musamman ga likita Tiziano, wanda ya dafa kafaɗar mai makoki ya ce, "Ayya Don Anselmo, ai wasa nake yi. Ƙwarangwal fari kowa yana da shi, ruwan hodan nan ne kaɗai nake tunawa a rundunarka." Allah ya saka masa daidai da aikinsa. Don Nicanor bai ce na gaya maka ba. Kallo kawai yake yi yana zuƙar shayi, kuma mai makoki ya ce gara a zage shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a bayan shagon Doña Herminia. An samu kwalin ashana da ya yi daidai da abin da ya rage. Don Nicanor zai jefa ƙwayar ludo sau ɗaya don girmamawa, sannan a binne marigayi a tukunyar furen da ke bakin ƙofa. Za a zagaya da shayi da burodi mai zaƙi. Ba a buƙatar furanni, kuma duk mai shawara kan yadda ake cire fenti daga jikin roba ya bar ta a gida. Za a binne shi ba tuta, domin Griselda mai tutar ba ta bayar ba. An gayyace ta, ta ce ta ji.

Daga nan zaman makoki zai koma gida. Masu zuwa gaisuwa za su ga wani sabon ƙwarangwal a gefen teburin cin abinci, tsirara ba fenti, da hannun hagu biyu da karkataccen kai. Anselmo ne ya manna shi haka da gangan, ya ajiye sabuwar kwalbar jan farce ruwan hoda kusa da shi, a ɓangaren da Griselda ke zama. Kullum da safe takan ɗaga su, ta goge wurin, ta mayar da su inda suke. Ba ta buɗe kwalbar ba, ba ta kuma jefar ba. Ba a sa ranar tashi daga makoki ba tukuna. Wanda ya zo ya zauna a hankali, kuma don Allah kada kowa ya taɓa kwalbar.