Nomau da Motar Baba Likita

Ranar Talata, 9 ga Agusta, 2016, gari ya waye a Funtuwa da yayyafi da sanyi-sanyi, kuma a safiyar nan motar Baba ta ƙi tashi.

Mahaifinmu, Malam Isiyaku, tsohon likitan dabbobi ne. Tun da Inna ta rasu, mu uku muka rage a gidan: shi, da ni, da Nomau. Yayana Sagiru yana Kaduna, shi ke ɗauke da nauyin gidan. Nomau ɗan uwan Baba ne na nesa, daga ƙauyen Unguwar Marke. Ya haura hamsin, bai taɓa aure ba, kuma duk abin da aka ce masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ya zo gidanmu shekarar da aka sayi motar. Ranar da ya iso Baba ya ce masa, "Motar nan amanarka ce. Ko tsinke nata kada ka zubar." Shi ke wanke ta, shi ke buɗe wa Baba ƙofa. Kowa ya san zamansa a gidan na motar ne, in ta tafi shi ma ya tafi.

Aka kira Hudu mai wayarin. Ya zo da na'urar da ake haɗawa da ƙwaƙwalwar mota ta faɗi inda ciwon yake. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya nemo soket ɗin, ya cusa wayar. Gilashin na'urar ya tsaya baƙi ƙirin. Ya cire, ya hura, ya mayar. Shiru.

"Tsofaffin nan sai da lallashi," in ji Hudu. "Bari in ɗauko wata wayar a shago. Malam Nomau, zuba ido a gilashin nan. Da ka ga haske a kansa, ka kira ni."

Nomau ya zauna ya ƙura ido. Can da hantsi hadari ya yaye, rana ta ratso ta tagar mota ta sauka kan na'urar. Nomau ya zura da gudu har bakin kasuwa, ba takalmi, ya janyo Hudu daga ƙarƙashin motar wani.

"Ina hasken?"

"Ɗazu yana nan. Girgije ne ya tare shi. Mu ɗan jira."

Baba yana kan kujerarsa a baranda, ya yi dariya har da tari.

Wata rana Hudu ya haska soket ɗin da tocila, ya ce ƙananan ƙarafunan cikinsa sun yi datti da tsatsa, mai yiwuwa shi ya sa saƙo ba ya wucewa. Ya ce a tsabtace shi tas kafin ya dawo da azahar. Nomau ya ɗauko bokiti da sabulu da soso. Da Hudu ya dawo, kumfa na ɗiga daga ƙarƙashin sitiyari, tabarmar ƙafa ta zama tafki.

"Innalillahi! Malam Nomau, kwanon tuwo na ba ka?"

"Shafa ka ji. Ko santsi babu."

Sai da aka bar ƙofofi a buɗe kwana da kwanaki kafin wurin ya bushe. Da zai tafi, Hudu ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada in sake ganin ɗigon ruwa a jikin motar nan."

Wata rana kuwa ya zo ya buɗe bonet, ya tarar da lagireto wayam. Tulun ruwan wanke gilashi ma a bushe. Batir kuma yana kife a gindin dalbejiya, an tsiyaye shi sarai.

"Na batir ɗin ne ya ba ni wuya," in ji Nomau, yana nuna ramukan da ruwan ya ci a rigarsa. "Amma ya fita."

Sagiru ya aiko da sabon batir, ya kuma kira ni a waya. Bai ɗaga murya ba. Ya dai ce haƙuri yana da iyaka. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Sagiru, mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kai fa?" Daga nan aka bar maganar.

Hudu ya gwada wata wayar, ya aro wata na'urar wurin abokinsa, duk ba su kawo wuta ba. Ya ce to, saura abu ɗaya: ko dai ƙwaƙwalwar ce ta mutu. Ya kwance ta, wani ɗan akwatin ƙarfe kamar littafi, ya naɗe a tsumma. Akwai mai gwada irinta a Kaduna.

Wata rana aka sa Nomau a motar haya da akwatin da kwatancen shagon. Hudu ya ja masa kunne a tasha: "Irinta ta ƙare a kasuwa. Kada ka sake ta daga hannunka, kada ka ba kowa." Nomau ya isa lafiya, ya sami shagon, ya yi sallama, ya zauna a benci rungume da ita. Mai shagon ya miƙo hannu.

"Kawo mu gani, Malam."

"Gani dai daga nan."

"To yaya zan gwada ta?"

"Wannan kuma aikinka ne."

Mai shagon ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya nemi Hudu a waya bai same shi ba. Da la'asar Nomau ya kamo hanyar gida. Ya miƙa wa Hudu akwatin da hannu biyu, yana murmushi. Ko kan tsumman ba a kwance ba.

Ranar Asabar Sagiru ya zo da kansa. Ya ce an gama, ya yi magana da 'yan gwangwan, za su zo su ja motar. Baba ya juya fuskarsa ga bango. Sagiru ya kira Nomau tsakar gida. Jak da wasu sifanoni sun daɗe ba a gan su ba, yana zargin ko suna ɗakinsa.

"Duk abin da ka taɓa cirewa daga motar nan, ka mayar inda ka ɗauko shi. Sannan ka koma Unguwar Marke. Kada ka sake taka gidan nan sai ka ga wasiƙa da hannuna, da kan sarki a kanta."

Ya faɗi haka ne don ya san an daina aika wasiƙa. Nomau ya ce, "To, Alhaji Ƙarami."

Yini guda yana fito da buhuna daga ɗakinsa. Ashe tun ranar da Baba ya ce ko tsinke, bai zubar da komai ba. Ƙwallayen dabino suka koma ƙarƙashin kujerar direba. Gashin awaki ya koma cikin but ɗin motar. Tsofaffin fulogi, da ɓawon gyaɗa, da ɗan kunnen Inna guda ɗaya, da jak ɗin da yake ɓoyewa don ɓarayi, kowanne ya koma mazauninsa. Washegari da sassafe ya durƙusa ya gaida Baba, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Litinin Hudu ya zo ya mayar da ƙwaƙwalwar, tunda masu saye sun ce a cike suke son ta. Yana tsaki yana ture ɓawon gyaɗa. Kafin ya naɗe kayansa ya cusa wayar sau ɗaya, don sabo kawai. Gilashin ya kama da haske.

Ya buɗe akwatin fis. A wani gurbi da ya sha gani fanko, ya ɗauka na ajiya ne kamar sauran, ga wani ɗan fis shuɗi ya zauna daram.

Nan na tuna. Shekarar da likita ya hana Baba taba, Inna ta ce wa Nomau ya cire abin da ke sa makunnin sigarin mota ya yi zafi. Wani makanike ya nuna masa fis ɗin, ya cire, ya adana. Hudu ya dafe kai, ya ce a irin waɗannan motoci soket ɗin gwaji daga fis ɗin nan yake shan wuta. Na'urar ta nuna ciwon nan take: wani ɗan ƙaramin abu ne mai lura da juyawar inji. Aka sauya shi, aka zuba ruwa a lagireto, motar ta tashi a murɗa ɗaya.

Na ce, "Baba, taso mu zaga gari."

Ya dubi motar ya ce, "Wa zai buɗe mini ƙofa?"

Aka sami Nomau ta wayar wani malamin makaranta a ƙauyensu. Na ce ya dawo, mota ta tashi.

"Alhamdu lillahi! An wanke ta?"

"Kai muke jira."

"Wasiƙar ta taso ke nan?"

"Nomau, ni ce fa nake gaya maka."

"Na ji, Hajiya. Amma Alhaji Ƙarami cewa ya yi da hannunsa."

Sagiru ya ce wasa ne, in mutumin ya gaji zai dawo. Daga baya ya ce zai rubuta in ya sami sarari. Ina jin kunya ce ta hana shi. Babbar Sallah ta zo ta wuce. Kwana kaɗan bayanta Baba ya kwanta, bai tashi ba.

Nomau ya zo jana'iza. Ya bi sahu a waje, ya raka Baba makwancinsa, ya dawo ya tsaya a tsallaken titi yana kallon motar ta ƙofar gida. Sagiru ya je ya kama hannunsa yana hawaye. Nomau ya yi masa ta'aziyya cikin ladabi, ya ce ba ya so ya saɓa masa, ya juya ya nufi tasha.

Ranar addu'ar bakwai na ajiye takarda da biro a gaban Sagiru. Ya rubuta, na karanta, na sa ya ƙara layi ɗaya, don na san mai karɓar: "Ka taho da kayanka duka, ka shigo har cikin gida, ka zauna, ko da mota ko babu."

Da safe na kai ta gidan waya. Ma'aikacin ya daɗe yana neman kan sarki a durowa. Na liƙa shi da kaina, na danna sosai don kada ya ɓalle a hanya, na saka ta a akwati.