Dutsen Ƙanƙara a Ɗakin Kaka Salomi

"…lafiya lau, mai gidana. Shigo, amma ja mini ƙofar nan kar sanyi ya fita."

Sanyi fa! A unguwar Wulari ta Maiduguri, a tsakiyar Afrilun 1999, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta tsallaka titi da rana. Dzarma ya tsaya bakin ƙofa, gumi na bin bayansa. Ga kakarsa Salomi ta harɗe kan kujera a gaban talabijin, sanye da suwaita da hular ulu, madannin gem a cinyarta.

Shi ya jawo wa kansa. Wata biyu da suka wuce ya ɓoye na'urar gem ɗinsa a ɗakinta saboda babansa ya hana wasa lokacin jarrabawa. Faifai ɗaya ya bari a ciki, wanda ko kyauta abokansa ba sa karɓa: mutum ya hau katako ya yi ta sulu daga kan dutsen ƙanƙara. Yau kuwa Haruna mai faifai na Kasuwar Kwastam ya yarda ya musanya masa da na ƙwallo, amma in la'asar ta wuce, wani zai ba.

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba? Shinkafar makokinki har ta fara ƙwari."

"In mutu in bar wa wa kai? Wace mace ce za ta kwashi miji mai wannan dogon wuya?"

"Faifaina na zo ɗauka."

"Wane faifai? Na sanyaya ɗakina?"

"Sanyaya me? Ga gumi nan yana ɗiga daga haɓarki!"

"Ƙanƙara ce ke narkewa, jahili. Jiya na ajiye kunu a gaban talabijin, kafin in kai gindin dutse ya daskare. Da wuƙa na yanka na ci."

"Kaka, ki ji tsoron Allah. Ke fa shugabar zumuntar mata ce."

"Shi ya sa na rage. Tambayi Maman Phoebe, nan take kawo zoɓonta ya yi sanyi kafin ta kai kasuwa."

Dzarma ya dafe kai. Wai shi da ya zo da gaggawa!

"Duk Maiduguri babu mai buga wannan abin sai ke. Na ƙwallo ake yayi."

"Ai duk Maiduguri babu mai hankali sai ni. Na ƙwallo sai da abokin faɗa, a tashi ana zagin iyaye. Wannan kuwa daga kai sai dutse. Ba alƙali, ba ihu. Ga yaron nan nawa mai hawa katakon, Manasse…"

"Har suna kika raɗa masa?"

"Ba zan raɗa ba? Sau ɗari na maka shi da bishiya, ya tashi ya kaɗe riga ya ci gaba. Ko Panadol bai taɓa nema ba. Kai kuwa ƙaya ta soke ka bara, sai da aka kira Fasto. In ka yi wasa, shi zan aura in bar ka."

"Ki aure shi mana, ni ma in huta. Amma ban faifaina."

Ta miƙo masa madanni na biyu.

"Zauna. In ka riga ni sauka, ɗauki faifai, ni ma ka sallame ni."

"Alheri biyu a rana ɗaya!" Ya zauna yana dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Tun daga kwanar farko Dzarma ya rungumi bishiya. Ya tashi, ya afka rami. Kaka kuwa, wayyo! Ta kwanta dama, ta kwanta hagu, kujera na ƙara, tana yi wa Manasse tsawa da yarensu na Bura. Manasse ya yi tsalle ya juya a sama ya dira lafiya, ita kuma ta rangaɗa guɗa. Kafin Dzarma ya fito daga rami na biyu, ta kai ƙasa har ta gyara hula.

"Wannan maita ce! A ina kika koya?"

"A kan dutsen garinmu, can bayan Biu, tun ba a haifi ubanka ba. In ruwa ya ɗauke dutse ya yi santsi, sai mu 'yan mata mu saci fatar akuya mu hau. Babu wadda ta taɓa riga ni sauka." Ta ajiye madannin a hankali. "Shekara arba'in ina garin nan, shimfiɗe kamar tabarma. Tudun da ya fi tsawo a unguwar nan jujin bayan layi ne. Gwiwoyin nan sun hana ni shiga motar gida, ko an kai ni ma sai dai in kalli dutsen daga ƙasa. Ina kewarsa, Dzarma. Sai ga shi ka kawo mini dutse har ɗaki, yanzu kuma ka ce za ka ba da shi a kan ƙwallo."

Tausayi ya kama Dzarma, kunya ta rufe shi. Daga masallacin bakin titi aka fara kiran la'asar. Ya dubi agogo, ya dubi farin dutsen da ke talabijin, sai ya tuɓe takalmansa ya tura su gefe.

"Tsohuwa."

"Na'am, raggon miji."

"Ara mini hular nan. Sanyi ya fara shiga ƙashina."

Ta fashe da dariya har da hawaye, ta cire hular jiƙe sharkaf da gumi ta kifa masa a ka.

"Ungo, na ba ka kyauta. Tashi ka ƙara jan ƙofar nan, ka zo mu sake hawa."