Gayyar Baƙaƙe a Kuki

Jama'a, ran Talatar nan na sha kunya a gindin tsamiyar Kuki, kuma ban ga dalilin da zai sa in shanye ta ni kaɗai ba.

Wata huɗu ke nan da buɗe mana ajin karatun manya. Manyanmu na birni, Allah ya ƙara masu girma da tumbi, suka aiko da littafi ɗaya tak, mu shida, da saƙon wai mu koya a haɗe. To mu manoma ne, haɗuwar da muka sani gayya ce, kowa ya kama kunyarshi ya nome. Sai muka raba baƙaƙen. Alu ya ɗauki na farko, Manu na ƙarshe, ni Sabitu aka bar mani masu ƙugiya, ɓa da ɗa da ƙa. In wasiƙa ta zo mu zauna mu shida, kowa ya faɗi nashi, ta karantu tsaf.

Kwatsam sai ga Mai Girma Mai-Duba Makarantu a mota. Ya ce ɗaya-ɗaya zai gwada mu, in mun faɗi a rufe aji. Ya miƙo mani alli.

"Rubuta sunanka."

"Ranka ya daɗe, sunana bai faɗo cikin rabona ba. Amma in kana son farkon na Ɗanjuma, yanzu ka gani."

Nan take ya ce an rufe. Wallahi raina ya ɓaci, don burina ke nan in karanta wasiƙar ƙanena na Kurfi ba tare da ƙarti biyar sun ji sirrin gidanmu ba.

Allah da ikonshi, bai yi nisa ba motar ta kafe cikin rairayin rafi. Muka je muka tsaya, hannu a baya. Alu ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, ɗaya-ɗaya za mu tura?"

Mai Girma ya share gumi, ya ce a haɗe, kuma ya ƙara mana wata biyu. Sannan muka tura.

Tun ranar musaya muke, in ba ka ƙa ka ba ni sa. Zuwa yau na iya rubuta Sabi. Mai nemana ya yi haƙuri da wannan tukuna, sauran yana wurin Manu, shi kuwa ya tafi kiwo.