Rasuwar Dattijo, Ma'aunin Ruwan Birni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Manajan babbar ma'ajiyar ruwan sha ta birni yake sanar da rasuwar abokin aikinsa, ma'aunin ruwa, wanda ma'aikata ke kira Dattijo. Ya rasu ranar Litinin da hantsi yana bakin aiki. Gawarsa tana ƙarƙashin ruwa, kuma Manaja ne zai shiga ya ɗauko ta.

Marigayin bai ɗauki duniya da zafi ba. Ƙwallon tagulla ne mai shawagi a kan ruwa, ɗaure da sarƙa. Sarƙar ta bi ta kan wilin ƙarfe ta fito waje, ta riƙe kibiya a jikin allo, kibiyar kuma ta nuna yawan ruwan da ke ciki. Bai taɓa yin ƙarya ba, abin da ya sa ya yi fice a ma'aikatar.

An haife shi shekarar da aka gina ma'ajiyar, tun zamanin kakanni. An haƙe cikin tudu, aka jera ginshiƙan jan bulo masu ɗauke da rufin baka, sannan aka binne komai da ƙasa har ciyawa ta tsiro a kai. Manaja ya sha kwatanta wa baƙi kyawun ginshiƙan nan da hannu bibbiyu. Bai taɓa ganinsu ba. Iyakarsa bakin murfin ƙarfen da ake shiga ta nan. Ya taɓa leƙawa, sanyi ya daki fuskarsa, ya yi tari, duhun ya maido masa da tarin da muryar wani. Tun ranar ya bar wa Dattijo harkar ƙasa.

Dattijo kuwa bai ba shi kunya ba. In ruwa na hawa sai wilin ya ce "ƙiiiy," in yana sauka ya ce "ƙurrr-ƙat." Daga kan kujerarsa Manaja ke jin lafiyar birni, ko taga ba ya buɗewa.

Ciwon ajali ya same shi ne gab da ziyarar manyan baƙi. Kwamitin tarba ya ba da umarnin a shafa wa duk abin da ido zai iya gani fenti. Aka shafe duwatsu, aka shafe gindin bishiyoyi, aka shafe sarƙa da wili da shuɗi mai kauri. Dattijo ya yi shiru. Kibiya ta kafe a kan "cike," baƙi suka yi tafi. Haka ta tsaya a cike har famfunan unguwanni suka fara tarin iska. Ranar Litinin wani ƙaƙƙarfan ma'aikaci ya finciki sarƙar don ya tashe shi. Sarƙar ta tsinke, nauyin rabinta ya nutsar da Dattijo. Kalmarsa ta ƙarshe, daga can ƙarƙashin ƙasa, ita ce "fanjam."

Ya rasu ya bar rabin sarƙa, da allo, da kibiya wadda ta zube ƙasa tun da ta ji labari, da injinan tura ruwa da yanzu ke aiki da cinta ba awo, da kuma Manaja.

Al'adar gidan tun daga magina ita ce, mai riƙe da makullin murfi shi kaɗai ke shiga ruwan shan jama'a. Manaja ya yaba wannan al'ada a jawabai da dama. Yana da digiri a kan ruwa, amma bai iya iyo ba. Ya miƙa wa mataimakinsa makullin a matsayin shaidar amana, mataimakin ya rantse har da ƙwalla cewa bai kai wannan matsayi ba. A gida, mai ɗakinsa ta fara yi masa magana a hankali tana ƙara masa nama. Ƙaninta ya zo gaisuwa, ya daɗe yana zagaya motar Manaja.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe. Ba za a zubar da ruwan ba, don birni ba zai jure ƙishi ba, kuma babu wanda ya san zurfinsa a yau, tunda mai sanin ya riga mu gidan gaskiya. Manaja zai sauka ta tsanin ƙarfe, wanda sa'an marigayi ne a shekaru, da tocila a baki da igiya a ƙugu. Ana roƙon masu ta'aziyya da Allah ya hore wa damtse su zo da wuri su kama igiya. An yafe wa 'yan kwamitin tarba wannan hidima.

Jama'ar gari kuma, in suka ji ɗanɗanon ruwa ya sauya daga ranar Juma'a, su tafasa kafin su sha, su yi addu'a ga mutum biyu.